Wai da gaske ne Turkiyya ta kusa shiga Tarayyar Turai? Ƙanina na shirin sayar da gonar gado

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ina cikin damuwa ne sosai. Ƙanina ya gama digiri yau shekara uku kenan ba aikin yi, yanzu ya haɗu da wani ejan da ya ce zai yi masa bizar Turkiyya da takardar zama akan miliyan bakwai, wai Turkiyya ta kusa shiga Tarayyar Turai, duk wanda shigar ta same shi a can da takardar zama shikenan zai iya wucewa Jamus ya kama aiki ba mai tambayarsa. In kuma ta Turkiyya ba ta samu ba wai akwai makarantu a Saifurus, ita ma ai Turai ce. Ya tada hankalin kowa a gida sai an sayar da gonar da mahaifinmu ya bari an ba shi kasonsa, mahaifiyarmu ko barcin kirki ba ta yi. Da na ce masa ni fa tun ina sakandare nake jin wannan maganar a rediyo, sai ya ce ai don Musulmi ne aka yi ta hana su, amma yanzu Erdogan ya fi ƙarfinsu dole su karɓe shi. Malam meye gaskiyar lamarin?

Daga wata malamar makaranta a Katsina

AMSA

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Mama lafiya da kwanciyar hankali.

Kafin komai, kada a sayar da gonar nan. Ko sisi kada a ba wa wannan ejan. Sauran bayanin da zan yi duk don ki samu abin da za ki riƙe ne in kin zauna da ƙanin naki.

Kin yi gaskiya da kika ce tun kina sakandare kike jin maganar, ni ma da na girme ki a haka na taso na same ta. Turkiyya ta miƙa takardar neman zama cikakkiyar mamba tun ranar 14 ga Afrilu 1987 lokacin Turgut Ozal yana firaminista, kuma tun kafin nan akwai yarjejeniyar Ankara ta 1963 da ta ƙulla alaƙa tsakaninta da ƙungiyar. Sai a 1999 a taron Helsinki aka yarda a kira ta 'yar takara, sai ranar 3 ga Oktoba 2005 aka zauna aka fara tattaunawa. A wannan ranar dai aka fara da Kuroshiya, ita Kuroshiya ta gama ta shige tun 2013. Ita kuwa Turkiyya a cikin babi 35 da ake bi ɗaya bayan ɗaya kafin a karɓi ƙasa, 16 kawai aka buɗe, kuma a cikin 16 ɗin guda ɗaya tak aka rufe, na kimiyya da bincike, a 2006, shi ma rufewar wucin gadi. Tun 2016 ba a sake buɗe ko babi ɗaya ba, a watan Yunin 2018 kuma ministocin Tarayyar suka rubuta da hannunsu cewa tattaunawar ta tsaya cak. Kamar manemin aure ne da aka karɓi kuɗin gaisuwarsa shekara da shekaru, ba a ce masa ya fasa ba, ba a kuma sa rana ba, shi ma ya daina zuwa zance amma ya ƙi cewa a mayar masa da kayansa. To wanda ya zo ya ce miki ɗaurin aure jibi ne kin san ko bai san gidan ba ko kuma ke yake so ya cuta.

Amma ni ba ma wannan ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna, kuma wallahi kusan kullum sai wani ya turo min shi ko a waya ko ɗalibi ya tare ni bayan lacca, shi ne wannan tunanin na cewa takardar zama a Turkiyya ƙofa ce ta shiga Turai. Ƙarya ce tsagwaronta. Kuma ƙarya ce mai kashe mutane.

Ki fara tambayar ƙaninki wannan: shi Baturke ɗan asalin Istanbul, wanda aka haifi kakan kakansa a can, mai riƙe da fasfon Turkiyya na gama-gari, in zai je Jamus ko Faransa me yake yi? Layi yake bi ya nemi bizar Shengen, wato bizar shiga ƙasashen Turai da suka cire shingen iyaka a tsakaninsu, kamar ni da ke, ya kai takardun banki da na wurin aiki da inshora, ya biya kuɗi, ya jira, wani lokaci a hana shi. Wannan na cikin manyan abubuwan da ke ci wa Turkawa tuwo a ƙwarya, 'yan kasuwarsu da malaman jami'arsu kullum cikin ƙorafi suke akai. A watan Maris 2016 da aka yi yarjejeniyar 'yan gudun hijira tsakanin Turkiyya da Tarayyar Turai an yi musu alkawarin cire biza in sun cika sharuɗɗa 72, sun cika mafi yawa saura shida, ciki har da gyara dokarsu ta yaƙi da ta'addanci wadda gwamnatin Erdogan ta ce ba za ta taɓa ba, to a nan maganar ta maƙale har yau. Masu gida kenan fa. To ina ga baƙo da ya zo jiya da fasfon Najeriya da wani ɗan kati a aljihu?

Shi katin da ejan yake kira takardar zama, sunansa ikamet a can, kin ji kalmar ai, iƙama ce dai irin wadda 'yan Saudiyya suka sani. Ba ya ba ka damar shiga ko ƙasa ɗaya ta Tarayyar Turai, kai ko damar yin aiki a cikin Turkiyyar ma ba ya bayarwa, izinin aiki daban ne kuma kamfanin da zai ɗauke ka shi ke nema maka, kuma ƙa'idar da aka saba ita ce sai kamfani yana da ma'aikata Turkawa biyar kafin a ba shi baƙo ɗaya. Daga 2022 kuma sun ƙara matse wannan iƙamar ta masu zuwa da sunan yawon buɗe ido, sun rufe unguwanni sama da dubu ga sabbin baƙi, a Istanbul yankuna irin su Fatih da Esenyurt inda 'yan Afirka suka fi taruwa ba a yi wa sabon baƙo rajistar adireshi. Abin da ejan ba zai faɗa ba shi ne abin da zai iya samowa bai wuce bizar ziyara ta 'yan kwanaki ba, in ma ya samo ta gaske kenan, tana ƙarewa yaro ya koma ɓuya, aikin ɗaukar kaya a unguwannin Laleli ko Aksaray na Istanbul ko ɗinki a ƙarƙashin bene da kuɗin da bai kai ya kawo ba, ran da 'yan sanda suka tare shi a tashar jirgin ƙasa sai cibiyar tsare waɗanda za a mayar gida, sannan a buga masa hanin shiga ƙasar. Gona ta tafi, shi ya dawo da jakar leda.

To mu ma ƙaddara, don a rufe bakin ejan gaba ɗaya, mu ce gobe da safe an wayi gari Turkiyya ta shiga. Ko a haka ƙaninki bai samu komai ba. 'Yancin yawo da aiki a Tarayyar Turai na 'yan ƙasa ne, ba na baƙin da ke zaune a ƙasar ba. Ɗan Najeriya da ke da takardar zama a Italiya yau, Italiya da tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, zai iya zuwa Jamus ziyara ta kwana 90 a cikin 180 amma ba zai kama aiki da wannan takardar ba, in aka kama shi yana yi laifi ne. Su kansu 'yan ƙasar da ta shiga sabuwa ana iya hana su aiki a sauran ƙasashe har shekara bakwai, haka aka yi wa Romaniya da Bulgeriya, sun shiga a 2007 amma Jamus da Ingila da Faransa ba su sakar musu kasuwar aiki gaba ɗaya ba sai farkon 2014, cire shingen kan iyaka na Shengen kuwa ba su samu cikakke ba sai Janairun 2025. Shekara goma sha takwas. Kuma a takardar tsarin tattaunawa da Turkiyya ta 2005 an riga an rubuta cewa ana iya sa mata takunkumi na dindindin akan yawon ma'aikata, an kuma rubuta cewa ba a ba da tabbacin inda tattaunawar za ta ƙare ba.

Na lura abin da ke ruɗa mutanenmu shi ne ECOWAS. Mun saba mutum ya ɗau jaka daga Kano sai Kwatano sai Lome sai Akra, sai muke ɗauka kowace ƙungiya haka take, in ka shiga ɗaki ɗaya ka shiga gidan. Alhali ko a ECOWAS ɗin yarjejeniyar 1979 ta zirga-zirga 'yan ƙasashen ƙungiyar ta ba wa dama, ɗan Indiya ko ɗan Sin da ke da takardar zama a Legas ba ya tsallaka Gana da ita, sai ya nemi biza.

Sai batun Saifurus, nan ne na fi jin haushi saboda nan ne ake yaudarar iyaye da sunan ilimi. Tsibirin a rabe yake tun 1974 da sojojin Turkiyya suka shiga bayan juyin mulkin da masu son haɗewa da Girka suka yi. Kudu ita ce Jamhuriyar Saifurus da duniya ta sani, ita ce ta shiga Tarayyar Turai a watan Mayun 2004. Arewa ta ayyana kanta ƙasa a 1983 kuma duk duniya Turkiyya kaɗai ta amince da ita, dokokin Tarayyar Turai a jingine suke a can, kuɗinsu lira ne ba yuro ba, jirgi ba ya sauka filin Ercan sai ya bi ta Turkiyya. Makarantun da ejan-ejan suke tallatawa da araha kusan duk a arewa suke. Za a ce wa uba ɗanka zai yi karatu a Turai yana aiki yana biyan kuɗin makaranta da kansa, yaro ya sauka ya tarar ba aikin, kuɗin makaranta da na haya kuma da kuɗin waje ake nema, in ya kasa biya rajistarsa ta faɗi zamansa ya zama haram. In ya tsallaka layin da ya raba tsibirin zuwa kudu, shigar sata ce a wurinsu, sai sansanin baƙin haure na Pournara da neman mafaka, ɗan Najeriya kuwa da wuya a ba shi. Kai ko kudun ma tsibiri ne, ba mota ake hawa a je Jamus ba. Har hukumar 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta fito a 2020 ta bakin shugabarta Abike Dabiri-Erewa ta gargaɗi iyaye akan tura yara arewacin Saifurus bayan mace-macen ɗalibai da aka yi ta samu. Ban ce duk wanda ya je can bai yi karatu ba, akwai waɗanda iyayensu ke da hali sun je sun gama sun dawo lafiya, amma su karatu ya kai su, ba su je da niyyar nan ce matakalar Jamus ba.

Kin san inda wannan ƙaryar take ƙarewa? In yaro ya gane an cuce shi, kunya ba ta barinsa ya dawo, ya san an sayar da gona saboda shi, ya san abin da za a faɗa a unguwa, sai wani ejan ɗin na biyu ya ɓullo a can ya ce kawo dala kaza in tsallakar da kai Girka. Hanya biyu ce, ko kwalekwalen roba daga gaɓar Izmir zuwa tsibirai irin su Lesbos, ko kogin Evros ta wajen Edirne wanda Girka ta kafa wa shingen ƙarfe. Tekun nan shi ne ya turo gawar ɗan yaron nan ɗan Siriya Alan Kurdi bakin ruwa a Bodrum a 2015, hoton da ya zaga duniya. Kogin kuwa in lokacin sanyi ne ko ruwan bai ci mutum ba sanyin zai gama da shi. Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: a yarjejeniyar 2016 Tarayyar Turai ta yi alkawarin yuro biliyan 6 ne don 'yan gudun hijira su zauna a Turkiyya kada su tsallako, da sharaɗin a riƙa mayar da waɗanda suka tsallaka tsibiran Girka ta ɓarauniyar hanya. Wato aikin maigadi Turkiyya take yi wa Turai a wannan ƙofar, ejan kuma yana ce wa ƙaninki ita ce za ta buɗe masa. Ni abin da ke ba ni takaici, waɗannan ejan-ejan ɗin ba ɓoye suke ba, ofis gare su da allo a bakin titi, suna talla a TikTok da Facebook da bidiyon wani yana tsaye gaban masallacin Sultan Ahmet cikin rigar sanyi yana cewa Alhamdulillah mun sauka, ba mai tambayarsu lasisi, in an kai ƙara sai a ce ku je ku sasanta, ƙarshe uwa ce za ta zauna da carbi tana jiran wayar da ba za ta shigo ba. Duk mai cin abinci da irin wannan ya ji tsoron Allah, dukiyar marayu ce yake karɓa yana sane.

Yanzu maganar da ƙaninki ya yi cewa don Musulmi ne aka hana su. Ba zan ce masa babu gaskiya a ciki ba, akwai. Tsohon shugaban Faransa Giscard d'Estaing ya faɗa a fili a 2002 cewa shigar Turkiyya ita ce ƙarshen Tarayyar Turai, Sarkozy da ya hau a 2007 ya toshe babi biyar da gangan saboda su ne masu kai wa ga cikakken zama mamba, Merkel ta Jamus kuma tun farko abin da take so shi ne a ba su wata alaƙa ta musamman ba kujera ba, kuma jam'iyyun masu ƙyamar baƙi a Ostiriya da Holan da Faransa sun daɗe suna cin zaɓe da tsoratar da mutane akan Turkawa. Shi ya sa shugabannin Turkiyya suke yi wa ƙungiyar gorin kulob ɗin Kirista. Sai dai in addini ne kaɗai, ya za a yi da Albaniya da Bosniya, inda Musulmi suka fi kowa yawa, 'yan ƙasarsu na shiga Shengen ba biza tun 2010, Kosobo ma ta samu a farkon 2024, kuma an buɗe tattaunawa da Albaniya a 2022? Bambancin su ƙanana ne. Turkiyya mutum sama da miliyan 85 ne, ta ɗara Jamus, kuma a Tarayyar yawan jama'a yana da nauyi wajen ƙuri'a, ran da ta shiga ita ce babbar yaya, sannan iyakar Tarayyar ta koma jikin Siriya da Iraƙi da Iran. Ga Saifurus, wadda Turkiyya ba ta ma yarda da gwamnatinta ba, ta ƙi buɗe wa jiragenta tashoshin ruwa da na sama shi ya sa aka daskarar da babi takwas a Disambar 2006, ita ma Saifurus ɗin ta ƙara toshe shida a 2009. A nan kam an yi wa Turkawan tsibirin rashin adalci a ganina, don a ƙuri'ar 2004 akan shirin Kofi Annan na haɗe tsibirin su ne suka ce eh da kusan kashi 65, Girkawan suka ce a'a da kusan kashi 76, bayan mako ɗaya aka shigar da masu a'a ɗin aka bar masu eh a waje. Sannan ita ma Ankara da nata laifin, kame-kamen da suka biyo bayan yunƙurin juyin mulkin 15 ga Yuli 2016, dubban alƙalai da malamai da 'yan jarida, da ƙin sakin ɗan fafutuka Osman Kavala da ɗan siyasar Kurdawa Selahattin Demirtas duk da hukuncin kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, waɗannan ba Sarkozy ne ya yi musu ba.

Shi kuma zancen wai Erdogan ya fi ƙarfinsu dole su karɓe shi, ba a shiga da ƙarfi. Sai duka ƙasashe 27 sun yarda, majalisar Turai ta yarda, kowace ƙasa ta koma gida ta tabbatar, wasu ma da ƙuri'ar raba gardama, Saifurus da mutanenta ba su kai na birnin Kano ba ita kaɗai ta ce a'a magana ta mutu. Eh yana da abin matsa musu, soja mai ƙarfi a NATO tun 1952, mashigin teku na Bosforus, jirage marasa matuƙa, 'yan gudun hijira. A Yulin 2023 ya gwada, ya ce a buɗe wa Turkiyya hanyar Tarayyar Turai kafin ya bar Suwidin ta shiga NATO, irin wannan labarin ne ejan-ejan suke yankowa su tura a guruf. Suwidin ta shiga NATO a Maris 2024, babi ko ɗaya ba a buɗe ba. Abin da ake tattaunawa a zahiri shi ne sabunta yarjejeniyar kwastan da ke tsakaninsu tun ƙarshen 1995 da sassauta wa Turkawa wahalar biza, kaya ne ke wucewa ba haraji, ba mutane ba.

Malama kada ki je masa da faɗa, yaron da ya shekara uku a zaune yana kallon sa'o'insa ba hauka ke damunsa ba, ƙunci ne. Ki samu kawunku ko wani babba da yake jin nauyinsa ku zauna da shi da Mama. In karatu yake so a Turkiyya akwai tallafin gwamnatinsu mai suna Türkiye Bursları, ana buɗe shi farkon shekara wajen Janairu zuwa Fabrairu, a intanet ake cikewa kyauta ba ejan a tsakani, wanda ya samu ana biya masa makaranta da masauki da tikiti har da shekarar koyon yaren, da digirinsa zai iya neman na biyu. In Jamus ce a ransa to ofishin jakadancin Jamus zai nufa da takardunsa, ba Istanbul ba. In kuma ya dage sai ejan ɗin nan, ku ce ya kira shi a gabanku a sa a lasifika, a tambaye shi sunan nau'in bizar, kwana nawa ce, wane kamfani ne zai nema masa izinin aiki, da kuma wace doka ce ta ce mai ikamet zai shiga Jamus, sannan ya rubuta ya sa hannu gaban lauya da shaidu cewa zai mayar da miliyan bakwai ɗin in ba haka ba ne. Ki turo min abin da ya ce.